Daga Changsha zuwa Barbès: tarihin fitar da numfashi

Tsofaffinmu na Goutte d'Or da yawa ba sa sauka ƙasa sai dole, saboda gidajen unguwar tsofaffi ne, hawa biyar ko shida ba asansar. Mai ciwon huhun da likitocin Faransa ke kira BPCO kuwa, kowane hawa yaƙi ne. Wasu taba ce ta jawo musu, wasu ƙurar aikin gini, iyayenmu mata kuma hayaƙin itacen da suka shaƙa shekara da shekaru a Maradi ko Damagaram. Hanyoyin iska sun matse, tsohuwar iska ta maƙale a huhu ta hana sabuwa wuri. Wato wahalar a fitarwa take.

To, mutanen Sin sun daɗe suna nazarin fitar da numfashi. A 1973 an tono wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa. A ciki aka samu ƙyallen siliki mai zanen mutum 44, maza da mata, wani ya miƙe hannu, wani ya sunkuya, kusa da wasunsu an rubuta ciwon da motsin ke magani. Daga baya wani masani, Tao Hongjing, wanda ya rasu a 536, ya bayyana cewa shaƙar iska hanyarta ɗaya ce, fitar da ita kuwa hanya shida, kowace da sautinta. Sautin da daga baya aka ware wa huhu shi ne "sii", a ja shi a hankali ta tsakanin haƙora. Kun ga wannan ai ɗan uwan abin da kine ke koya wa majinyatanmu ne: tsuke baki, hura sannu kamar mai fifita koko.

Labarin ya iso Paris tun 1779, lokacin da aka buga bayanin wani fada Bafaranshe mazaunin Beijin, Cibot, da zanen yadda ake zama da yadda ake numfashi don magani. Ba a kai shekara 40 ba, a 1816, Laennec ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a asibitin Necker, shi ne kuma ya siffanta huhun da ya kumbura da iskar da ta ƙi fita. Gari ɗaya, ilimi biyu, amma sai da aka daɗe kafin su gaisa.

Masu tsoron ko akwai tsafi a ciki, ku ji. Asalin abin ya haɗu da addinan Sin, gaskiya ne. Amma a shekarun 1950 gwamnatin ƙasar ta shigar da shi asibiti a matsayin motsa jiki zalla. Liu Guizhen ya jagoranci gidan jinya na cigung a Tangshan, a 1956 kuma aka taƙaita taici zuwa motsi 24 don kowa ya iya. Irin wannan ne tsofaffin Sinawa ke yi da sassafe a lambun Belleville. A 2020 hukumar UNESCO, mai hedkwata nan Paris, ta sa taici cikin kayan gadon duniya.

Huhun da ya lalace ba ya komawa sabo, kada wani ya yaudare ku. Abin da bincike ya nuna shi ne masu yin atisayen kan ƙara nisan tafiya, haki ya rage firgita su. Ba ya maye gurbin maganin shaƙa, balle barin taba.

Tun dokar 2016 likita a Faransa na iya rubuta wa mai doguwar cuta motsa jiki a takarda, ko a Paris kake ko a Lyon. Ranar da za ku raka Baba ko Inna wurin likitan huhu, a Lariboisière ne ko Bichat, ku tambaya. A takardun sanarwa "qi gong" ake rubutawa. Wanda tsayuwa ke wa wuya, a zaune ma ana yi.