3.2 Kabarin Shaho a Tudu na 72 na Kahokiya

Kamar yadda bayani ya gabata, Kahokiya shi ne birni mafi girma na al'ummar Misisifi ta dā. Kufansa yana jihar Ilinoi ta Amurka, kusa da birnin Sant Luwis, kuma ya bunƙasa ne daga wajen shekarar 1050. Tudu mafi girma da mutanensa suka gina ya kai mita 30, amma Tudu na 72, wanda bai kai mita 3 ba, shi ya fi bayyana addininsu.

Daga 1967 zuwa 1971, Melvin Fowler ya jagoranci tonon wannan tudu, inda aka sami gawawwaki kimanin 270. Wanda ya fi jan hankali shi ne kabarin mutum biyu, ɗaya a bisa ɗaya, da shimfiɗar duwatsun ado kusan 20,000 a tsakaninsu. An sassaƙa duwatsun daga ɓawon katantanwar teku, aka jera su a siffar tsuntsu mai kama da shaho. A wani rami kuma an jera 'yan mata 53, ga kuma maza huɗu da aka sare wa kai da hannuwa. Ke nan akwai waɗanda aka girmama, akwai kuma waɗanda aka kashe domin bikin jana'izar.

Fowler ya ɗauka cewa mutanen biyu maza ne. Daga nan masana suka danganta kabarin da gwarzon nan mai siffar rabi mutum rabi tsuntsu, wanda ake gani a zane-zanen al'ummar, suka ce sarauta a Kahokiya ta mayaƙa ce. An daɗe a kan wannan ra'ayi.

To amma a 2016, Thomas Emerson da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon sake duba ƙasusuwan, suka nuna cewa namiji ne da mace, kuma a kewayensu akwai wasu maza da mata biyu-biyu, har da yaro. Wannan bincike yana ganin hujjarsu ta fi ƙarfi, domin ta dogara ne a kan ƙasusuwan kansu. Idan haka ne, kabarin ya fi kusa da alamar haihuwa da sabuntar rayuwa, abin da ya dace da manoman masara. Sai dai wannan fassara ba ta wanke masu mulkin daga jinin 'yan matan nan 53 ba.