Nisan Zangon Rediyon Hannu da Yanayin Ƙasar Zamfara

Tambayar da sabon mai sayen rediyon hannu ya fi yi a kasuwar Gusau ita ce kilomita nawa na'urar take ja, alhali nisan da murya ke kaiwa ya fi rataya ga tsawon eriya, da shimfiɗar ƙasa, da zangon da aka aiko saƙon a kansa. Wannan ya shafi ƙaramar rediyon sauraron labarai, da oba-oba, wato na'urar da ake magana da ita ana kuma amsawa, da kuma sikana, wadda aikinta laluben tashoshi ɗaya bayan ɗaya har ta ci karo da mai motsi ta tsaya, ba tare da ita kanta ta iya aika ko kalma guda ba.

Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 88 da 108, maganar jiragen sama kuma tsakanin 118 da 137, kuma igiyoyin wannan rukuni a miƙe suke tafiya kamar haske, don haka lanƙwasar duniya ce ke yanke musu hanya. Masana suna ƙiyasta cewa na'urar da ke hannun mutum a tsaye, kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, iyakarta wajen kilomita 5 ce a fili, ta yadda oba-oba biyu da wuya su wuce kilomita 10 tsakaninsu ko da babu gini ko itace. Turke mai tsawon mita 100 kuwa yana kai wannan iyaka sama da kilomita 40, jirgin da ke can sama kuma ana iya jin sa daga nisan da ya ninka haka sau da dama. Adadin kilomitocin da ake bugawa a jikin kwalin na'urar, wanda ɗan kasuwa kan nuna da yatsa, galibi an samo shi ne daga kan tsauni zuwa wani tsaunin.

Ƙasar da ke kewaye da Gusau ta isa misali. Dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, da duwatsun da ke zagaye da garin Tsafe, suna yi wa igiyoyin rediyo inuwa kamar yadda suke yi wa hasken rana, shi ya sa ƙauyen da ke bayan dutse kan rasa tashar Gusau yayin da wanda ya fi shi nisa, amma yake kan tudu, yake jin ta tangaram. Wanda bai san haka ba sai ya ɗora wa batir laifi.

Gajeren zango, daga megahaz 3 zuwa 30, nasa tsarin daban ne, domin igiyarsa takan bugi wani sashe na sararin samaniya mai ɗauke da cajin lantarki ta dawo ƙasa a nisan dubban kilomita. Ta wannan hanya ce Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, da na Muryar Jamus a 1963, da na Muryar Amurka a 1979 suka shiga rugage da gonaki, kuma yawancin sikanonin hannu masu araha ba sa kama mafi yawan wannan zango.

Muhimmancin bambancin da ke tsakanin rediyo da wayar salula ya fito fili a watan Satumban 2021, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, a zamanin Gwamna Bello Matawalle. Wayar salula ta dogara ne da turken da ke kusa da ita, don haka ta mutu nan take, har jama'a suka riƙa tafiya jihohin maƙwabta don kiran 'yan uwa, rediyo kuwa ta ci gaba da magana. Ita sikana amfaninta ya ƙara raguwa a 'yan shekarun nan, tun da sadarwar zamani da dama ta koma tsarin dijital mai kulle, wanda abin da mai sauraro zai ji daga gare shi ƙugi ne kawai, ga shi kuma ɗaukar irin wannan na'ura a yankin da ke cike da shingayen bincike kan jawo wa mai ita tambayoyi masu yawa.