Daga Aci-bal-bal Zuwa Faifan Sola: Tarihin Haske a Gusau da Kewaye

Kafin wayar lantarki ta iso ƙasar Zamfara, man gyaɗa da man kaɗe ne ke haskaka ɗakuna. A zuba man a ɗan kasko, a murza auduga a yi lagwani, shi ke nan an sami fitila. Da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Gusau ta dangana da Ƙaura Namoda a 1929, sai kananzir ya biyo dogo. Aci-bal-bal da fitilar ƙwai suka karɓi aikin, suka kuma daɗe suna yi a Kekun Waje da Bungudu da Tsafe, har tocila mai batir ta zo ta kore su.

Lantarki kuwa a wancan zamani na ofisoshi ne da masana'antu, domin Gusau gari ne na auduga da gyaɗa, mai masaƙa da injin matsar mai. An gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972. Wutar Gusau ta dogon layi take zuwa, daga Zariya ta bi ta Funtuwa, saboda haka duk abin da ya sami layin a hanya, gari ya kwana a duhu. Da Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996, unguwanni suka yi ta yaɗuwa, wutar ba ta ƙaru daidai da jama'a ba. A 2014 aka damƙa rabon wutar Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Kaduna ga kamfanin Kaduna Electric, amma har gobe yara na ihun NEPA idan an kawo. Abin da ya riƙe mai walda da tela da mai injin niƙa a shekarun nan shi ne janareta da fetur mai araha.

Sola ba baƙuwa ba ce a yankin. Tun Zamfara tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, a 1982, aka buɗe cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato, wadda daga baya ta haskaka ƙauyen Kwalkwalawa da hasken rana don gwaji. Talaka ya fara ganin faifan sola ne a kan rijiyar burtsatse, da firjin ajiye allurar rigakafi a asibiti, da fitilun titi na ayyukan 'yan majalisa. Da yawa daga cikin fitilun sun mutu da batirinsu ya gaji, babu mai gyara, abin da ya ɓata wa sola suna na tsawon lokaci.

A wasu ƙasashe kuwa, kamar Jamus, gwamnati ce ta ja ragamar yaɗa sola. A 1999 ta fito da shirin rufin gidaje 100,000 mai bashi mai sauƙi, a 2000 ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin lantarki sayen wutar da magidanci ya samar a rufinsa, a kan farashin da aka tsayar na shekara 20. Wannan kasuwa ta taimaka wa masana'antun Sin suka bunƙasa, har farashin faifai ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

Najeriya ta bi wata hanyar daban. A 2018 Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta soma sa wa shagunan kasuwar Sabon Gari ta Kano sola. A Afrilun 2021 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da shirin Solar Power Naija a Jangefe ta Jihar Jigawa, da burin kai wuta gidaje da shaguna miliyan 5. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES. Sai dai kuɗin irin waɗannan shirye-shirye ta hannun kamfanoni suke bi, kuma ƙauyuka da kasuwanni suka fi sa wa gaba. Magidancin birni, abin da ya fi amfana da shi shi ne sassaucin harajin shigo da faifai, alhali batir, wanda ya fi cin kuɗi, bai sami irin wannan gata ba.

Abin da tallafi bai yi ba, tsada ta yi. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Oktoban 2024 ne aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta shafe fiye da mako ba wuta. Mai shagon cajin waya da mai ƙanƙara da mai kemis suka yi lissafi, suka ga janareta na cinye riba kullum, faifai kuwa sau ɗaya ake saye. Cikin wata 12 zuwa Yunin 2025, Najeriya ta shigo da faifan sama da megawat 1,700 daga Sin, Afirka ta Kudu kaɗai ta fi ta a nahiyar.

Don haka faifan da ke kan rufin kwano a Gusau yau, galibi aljihun mai gida ne ya saye shi, kuma mai hali ne ke iyawa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Da wannan iko Zamfara za ta iya samar wa ma'aikata da masu sana'a bashin da za a biya kaɗan-kaɗan, ta hana shigo da jabun batir kasuwa, ta horar da matasa haɗawa da gyara, ta kuma buɗe hanyar da magidanci zai sayar da rarar wutarsa. Wannan aiki yana jiran gwamnatin jiha da majalisar dokokinta.