Tarihin Cin Wiwi a Cikin Man Shanu da Kayan Zaƙi

A ƙasar Hausa in aka ce wiwi, abin da ke zuwa zuciyar mutum shi ne hayaƙi da warin nan da ba ya ɓoyuwa. Amma a wurare da yawa na duniya an daɗe ana cin ta tun kafin a fara zuƙarta, kuma kusan ko'ina hanyar ɗaya ce: a haɗa ganyen da abu mai maiƙo, man shanu ko madara mai kauri, sannan a rufe ɗacinsa da zaƙi. Dalili kuwa shi ne sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi, wanda ake kira THC, ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa. Masana ba su ware wannan sinadari ba sai 1964, lokacin da Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka yi hakan a Isra'ila. Masu sayar da alewa a Indiya da Misra kuwa sun riga su gane abin da ɗaruruwan shekaru, a bakin murhu.

Tsohon gidan wannan al'ada shi ne Indiya. Can ana kiran ganyen da aka niƙa da suna bhang, kuma sunan ya fito a littafin Atharva Veda na mabiya addinin Hindu cikin tsirrai biyar masu daraja. Ana dama shi da madara da kayan ƙamshi a sha, musamman a bikin Holi da na Maha Shivaratri, domin mabiya addinin Hindu suna danganta tsiron da abin bautarsu Shiva. Akwai kuma majun, wata alewa da ake yi da tataccen man shanu wanda ya riga ya ɗauki ƙarfin ganyen. Garcia da Orta, likita ɗan Fotugal da ya zauna a Goa, ya yi bayanin bhang a littafinsa na 1563. A 1839 wani likita ɗan Ailan mai aiki a Kalkata, William O'Shaughnessy, ya rubuta yadda ake yin majun, kuma rubutunsa ne ya shigar da wiwi cikin magungunan asibitin Turai.

Turawan Ingila da ke mulkin Indiya sun taɓa tunanin hana ta. Suka kafa hukumar bincike a 1893, ta saurari shaidu fiye da dubu, ta fitar da rahoto mai kauri a 1894. Hukuncinta shi ne a bar haramtawa, a riƙe haraji da lasisi. Wannan ra'ayi bai mutu ba. Da aka zo yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi a 1961, an fassara wiwi da cewa furenta ce da ƙaronta, aka bar ganye a waje, dokar Indiya ta 1985 ita ma ta bi sahu. Shi ya sa har yau a jihohi irin su Rajastan za ka ga shago mai lasisin gwamnati yana sayar da bhang da rana tsaka, alhali mai riƙe da ƙaron tsiron guda yana iya kwana a kurkuku.

A ƙasashen Musulmi ma ci aka fara yi, don lofe da tukunyar shisha ba su yaɗu ba sai bayan zuwan taba a ƙarni na 17. Ibnul Baiɗar, masanin tsirrai ɗan Andalus da ya rasu a 1248, ya ga talakawa da wasu faƙirai a Misra suna gasa ganyen suna cuɗa shi da riɗi da sukari, kuma bai ɓoye cewa ya ga yana taɓa hankalin mutane ba. Malamai ba su yi shiru ba. Ibnu Taimiyya ya sa ta a sahun giya, Zarkashi ya rubuta risala sukutum a kan haramcinta, sarakunan Mamluk na Misra kuma suka yi ta hani ana komawa. Kalmar majun ɗin ma Larabci ce, ma'ajun, wato abin da aka kwaɓa. A Maroko har yanzu da wannan suna ake kiran curin da ake yi da zuma da man shanu da 'ya'yan itace busassu.

Daga Gabas abin ya ƙetara Faransa, a cikin kayan wani likitan masu taɓin hankali, Jacques-Joseph Moreau. Ya yi yawo a Misra da Siriya, ya komo da wani kwaɓi kore da ake kira dawamesk, wanda aka haɗa da man shanu da sukari da kirfa da kanumfari. Moreau yana ganin in likita yana son fahimtar hauka, to ya ɗanɗana wani abu mai kama da ita, kuma a kan wannan ya buga littafi a 1845. Tsakanin 1844 da 1849 wasu marubuta suka riƙa taruwa a wani tsohon gida da ke tsibirin Saint-Louis a tsakiyar Paris, Moreau yana ɗebo musu kwaɓin da cokali, a kora da gahawa. Théophile Gautier ya ba da labarin zaman a wata mujalla a 1846. Alexandre Dumas yana cikin masu zuwa, kuma kwaɓin nan kore ya leƙo a cikin labarinsa na Monte-Cristo. Charles Baudelaire, wanda ake yawan liƙa wa sunan taron, ya fi zama ɗan kallo, kuma a littafinsa na 1860 ya ƙare ne da sukar abin, yana ganin yana kashe himmar mutum.

A Amurka wiwi ta shiga kundin magunguna na hukuma a 1850, ta zauna a kantin magani har dokar haraji ta 1937 ta shaƙe cinikinta, aka cire ta daga kundin a 1942. Komowarta cikin ɗakin girki ta zo ta wata hanya mai ban dariya. Alice B. Toklas, tsohuwa 'yar Amurka mazauniyar Paris, tana neman kuɗi, sai ta tsara littafin girke-girke a 1954. Da shafuka suka ƙi cika, ta roƙi abokai su taimaka. Brion Gysin, mai zane da ya zauna a Tanja ta Maroko, ya aiko mata da wani girki na dabino da ɓaure da kayan ƙamshi da man shanu, da wani tsiro da ya rubuta da sunansa na Latin. Majun ne kawai aka sake wa riga. Masu buga littafin a Amurka suka ankara suka cire shafin, na Ingila suka bar shi, ita kuwa tsohuwar ta ce ba ta san me aka ba ta ba. Babu cakulan ko kaɗan a girkin. Wani fim na 1968 da Peter Sellers ya fito a ciki, mai ɗauke da sunan Toklas, shi ne ya mayar da shi kek ɗin cakulan da ake kira burawuni, kuma tun daga nan burawuni da man shanun wiwi suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai a idon Amurkawa.

Wadda ta ba abin wata fuska dabam ita ce Mary Jane Rathbun, da aka fi sani da Brownie Mary. Ma'aikaciyar gidan abinci ce a San Francisco. A shekarun 1980, lokacin da cutar ƙanjamau ke kwasar matasan birnin babu magani, ta zama mai aikin sa kai a babban asibitin garin, tana toya burawuni a gidanta tana raba wa marasa lafiya da suka rame saboda rashin iya cin abinci da tashin zuciya. An kama ta a 1981 da 1982 da 1992. Hoton tsohuwa mai furfura a hannun 'yan sanda ya yi wa masu neman sauya doka aikin da dogon jawabi ba zai yi ba. Ita da Dennis Peron suna cikin waɗanda suka yi fafutukar da ta kai jihar Kalifoniya ta halatta wiwi don magani a 1996. Ta rasu a 1999.

Matsalar da ta bi wannan abinci tun daga Misra har Amurka ita ce jinkiri. Mai zuƙa yana jin abin cikin mintuna kaɗan, ya san inda zai tsaya. Mai ci kuwa sai ya jira rabin awa, wani lokaci har awa biyu, domin sai abin ya bi ta ciki ya isa hanta. Hanta kuma tana juya THC zuwa wani sinadari da ke shiga ƙwaƙwalwa da ƙarfi, mayen ya daɗe awa shida ko fiye. A cikin wannan jiran ne mutum yake cewa bai ji komai ba, ya ƙara. Ga shi man da aka haɗa a gida ba shi da ma'auni, domin ƙarfin ganye ya bambanta, kuma ba ya gauraya daidai, sai yanki ɗaya na kek ya zama lami, na kusa da shi ya kwantar da ƙato. Alamomin wuce gona da iri sanannu ne a asibiti: bugun zuciya, amai, firgita, ruɗewa, wani lokaci gane-gane.

Jihar Kolorado ta koyi wannan da tsada. Ta halatta wiwi ga manya a 2012, aka buɗe shaguna a Janairun 2014. Cikin watanni uku wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya cinye biskit guda da aka yi don a ci kashi-kashi, ya ruɗe ya faɗo daga benen otal a Denver ya mutu. A shekarar ce kuma Maureen Dowd ta jaridar New York Times ta rubuta yadda alewa ɗaya ta kwantar da ita dare guda cikin firgici. Jihar ta tsaurara ƙa'ida: kada kashi ɗaya ya wuce miligiram 10 na THC, kada fakiti ya wuce 100, a sa tambari, a yi marfin da yaro ba zai iya buɗewa ba. Kanada, da ta ƙyale irin wannan abinci a 2019, ta tsaya a miligiram 10 ga fakiti gaba ɗaya. Duk da haka yara ne suka fi shiga hatsari, don su alewa alewa ce. Wani bincike da mujallar Pediatrics ta buga a 2023 ya nuna cewa rahoton yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka ci irin wannan abu a Amurka ya tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021.

A Nijeriya doka ba ta raba ganye da fure ba, ba ta kuma raba ci da sha ba. Dokar soja ta 1966 ta yi wa tsiron hukunci mai tsanani, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 kuma ita ke da alhakin kamun. A 'yan shekarun nan hukumar ta sha sanar da kama masu toya biskit da kek da aka cuɗa da wiwi, waɗanda suke tallata kayansu ta intanet a manyan birane, yawanci ga ɗalibai da masu shirya liyafa. A nan babu tambari a jikin leda, kuma wasu daga cikin waɗanda suka ci ba su ma san abin da aka miƙa musu a faranti ba.