Yadda Ƙuri'a Ta Iso Hannun Matanmu

Jama'a, duk ranar zaɓe a nan Sabo mukan ga iyayenmu mata da 'ya'yanmu sun ja layi a bakin rumfa, har yaran yanzu sun ɗauka haka abin yake tun fil'azal. To, ba haka ba ne.

A zaɓen tarayya na 1959, wanda daga shi sai 'yancin kai, doka ta ba matan Yamma da Gabas da Ikko ƙuri'a, amma a Arewa maza kaɗai suka yi zaɓe. Wato mace na zaune nan Ibadan da ikon zaɓe, 'yar'uwarta ciki ɗaya tana Kano babu. Jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa ta ce lokaci bai yi ba. NEPU ta Malam Aminu Kano kuwa ta ce a ba su.

Wadda ta fi shan wuya a kan wannan magana ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Ta sha duka, ta sha ɗauri, ba ta fasa ba. Har Abekuta ta zo, nan kusa da mu, wurin Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta jagoranci matan garin a kan harajin da aka ɗora musu, har Alake ya sauka daga sarauta a 1949.

Sai a 1976, da gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi gyaran ƙananan hukumomi, aka ba matan Arewa ƙuri'a. A 1979 suka shiga zaɓen shugaban ƙasa karo na farko, zaɓen da Shehu Shagari ya ci.

Bayan nan gwamnatoci sun fito da tsare-tsare. Maryam Babangida ta kawo shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987. A 2006 aka rubuta manufar ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai, ga shi har yau ba a cika ba.

Abin da muka koya, gwamnati takan rubuta doka, amma a cikin gida ake cika ta ko a tauye ta. Kuma mu ne masu gidan. Yarinyar da muka cire daga makaranta muka ɗora wa farantin talla, wace doka ce daga Abuja za ta mayar da ita aji?

Kada wani ya ce wai karatun mata baƙon abu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata tun kafin Turawa su ci ƙasarmu. Ƙuri'a dai ta zo hannu, saura mu bar yaran su yi karatun da za su san wa suke ba wa ita.

Allah ya sa mu gane, amin.