Sana'ar Kafinta a Omdurman da Kartum: Tarihinta da Tsarin Wurin Aikinta

Sana'ar sassaƙa da kafinta a Omdurman da Kartum ta ginu ne a kan abubuwa uku: itacen bagaruwa da ke fitowa a gaɓar Nilu, gadon igiya da mutanen Sudan ke kira angarib, da rumfar da ake kafawa a jikin katangar gida. Galibin masu sana'ar ba a manyan masana'antu suke aiki ba. Wurin aikinsu wani sashe ne na gidan da suke kwana, ko ɗan shago a kasuwa, kuma zafin rana da ƙura da gara da tsadar katako su ne suka tsara musu yadda za su shirya shi.

Tushen sana'ar

Aikin itace a kwarin Nilu ya girmi biranen biyu da dubban shekaru. A garin Karma, can arewacin Sudan, masanin tarihi ɗan Amurka George Reisner ya yi tono tsakanin 1913 da 1916, inda ya samu kaburburan da aka kwantar da mamata a kan gadajen itace. Gadajen na wajen 1750 zuwa 1500 ne kafin haihuwar Annabi Isa. An sassaƙa ƙafafunsu da siffar ƙafar sa, an yi wa wasu ado da hauren giwa. Ƙirarsu ba ta da nisa da ta angarib na yau: ƙafafu huɗu, dogayen sanduna biyu, gajeru biyu, da saƙa a tsakiya.

Kogi ma ya haifar da nasa masassaƙan. Noman rani a gaɓar Nilu ya daɗe yana dogara da sagiya, wato babbar na'urar itace da shanu ke juyawa tana ɗebo ruwa, kuma haɗa haƙoranta aiki ne na gwani. Sai maƙeran jiragen ruwa, waɗanda ke jera kauraran allunan bagaruwa, su haɗa su da dogayen ƙusoshi, su toshe tsakaninsu da tsummoki.

Zamanin Turkawa da na Mahadi

A 1821 rundunar Muhammad Ali Basha na Masar ta kafa sansani a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. Sansanin ne ya zama Kartum, hedikwatar wannan mulki da ake kira na Turkawa. Gwamnati ta buɗe wurin ƙera jirage da gyaransu, kuma kafintoci daga Masar suka shigo da aikin da bai yaɗu a yankin ba a da: ƙofa mai firam, taga mai marfi, kabad da teburi.

Bayan dakarun Muhammad Ahmad al-Mahadi sun ci Kartum a Janairun 1885, shi kuma ya rasu a watan Yuni na shekarar, magajinsa Halifa Abdullahi ya mayar da Omdurman babban birni. An kwashe mutanen Kartum zuwa ƙetaren kogi, aka ɓalle ƙofofi da tagogi da azarorin gidajensu aka yi gini da su a sabon birnin. Masu sana'a suka bi kayan. Gwamnatin Halifa ta ɗauki kafintoci da maƙera aiki a rumbun makamai da wurin gyaran jirage. Gidan Halifa, wanda aka gina a 1888 aka ɗora masa bene a 1891, ya zama gidan tarihi a 1928.

A wancan zamani kasuwar Omdurman ta samu tsarin da aka san ta da shi, kowace sana'a da layinta: maƙeran zinariya, dukawa, masu tukwane, da masu gadaje, waɗanda sashensu ya yi suna da Suk al-Anagrib, wato kasuwar angarib. A bakin kogi kuma, Maurada ta zama mashigar itace da kifi, unguwar Abu Rof ta zama matattarar maƙeran jiragen ruwa, inda ake tsaga gungumen bagaruwa a fili a gefen ruwa.

Zamanin Turawa

Yaƙin Karari na 2 ga Satumba 1898 ya kawo ƙarshen daular Mahadi, aka shiga mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar. Sake gina Kartum ya buƙaci kafintoci masu yawa, saboda haka Kwalejin Gordon, wadda aka buɗe a 1902, ta samu sashen koyar da sana'o'in hannu, kuma wani attajirin injiniya na Manchester, Sir William Mather, ya ba da kyautar injuna da kayan aikinsa. Daga irin waɗannan makarantu aiki a tsaye a gaban benci, da awo da zane a takarda, suka bazu. Tsohon masassaƙi a ƙasa yake zama, ya danne itace da ƙafa, ya auna da ido da taƙi.

Layin dogo ya iso arewacin Kartum a ƙarshen 1899, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Port Sudan a 1909. Ta nan katakon Turai ya riƙa shigowa a yanke, musamman fari mai laushi da ake kira muski da mai ƙarfi da ake kira zan. A lokaci guda jiragen ruwa masu tururi suna cin itacen gaɓar kogi, layin dogo kuma yana buƙatar gungumen shimfiɗa. Wannan ne ya sa aka kafa hukumar gandun daji a 1902, aka killace dazuzzukan bagaruwa na Shuɗin Nilu a yankin Sinnar da Sinja. Dajin Sunut da ke gefen Farin Nilu a cikin Kartum yana cikin wuraren da aka killace. Gadar Farin Nilu, wadda aka buɗe a 1928, ta sauƙaƙa wa kafintan Omdurman kai kaya ga masu saye a Kartum.

Itatuwan aiki

Sanin itace shi ne rabin sana'ar. Bagaruwa, wadda suke kira sunut, tana da nauyi da tauri, tana jure ruwa, gara ba ta cin ta da wuri, don haka ita ce ta jirgi da ƙofar waje da ƙafar gado. 'Ya'yanta kuwa majema ke amfani da su, kamar yadda majeman Kano ke yi. Aduwa ita ce ta allon karatu, kuma allon da almajiri ke riƙewa a halwa, wato makarantar allo, a Omdurman bai bambanta da na tsangayar Katsina ba. Wannan kusanci ba abin mamaki ba ne, domin hanyar hajji ta ƙasa ta ratsa Sudan, kuma Hausawa da Fulani da yawa sun zauna a can, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903. Gawo mara nauyi ne, ana fafe shi a yi akushi. Kurna na shiga aikin gado da kujera. Maɗaci, wanda ake kawowa daga kudu, shi ne na kabad da kayan ɗakin masu hali, baƙin itacen abanus kuma na sanduna da kayan ado ne. Darbejiya, wadda aka kawo daga Indiya a farkon zamanin Turawa, ta zama katakon mai ƙaramin ƙarfi.

Tsarin wurin aiki a gida

Gidan gargajiya na Omdurman fili ne mai katangar laka, da ɗakuna a warwatse a ciki, da sashen maza mai ƙofa ta titi. Kafinta kan kafa rumfarsa, wadda ake kira rakuba, a wannan sashe, domin mai sayen kaya ya shigo ba tare da ya ratsa wurin mata ba, ƙurar zarto kuma ta yi nesa da madafa. Rufin na tabarma ne ko kwano, gefe a buɗe don iska, saboda a watannin Mayu da Yuni zafi kan haura digiri 40. Shi ya sa aikin ƙarfi, kamar tsaga da fafe rami, ake yin sa daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, a bar haɗawa da saƙa zuwa la'asar.

Ajiyar katako ita ce ta fi buƙatar kula. Ba a ajiye shi a ƙasa, sai a kan bulo ko duwatsu, saboda gara da kuma ruwan damina da ke kwanciya a tsakar gida tsakanin Yuli da Satumba. Ana jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Ɗanyen itace idan ya bushe a rana tsagewa yake yi, idan kuma aka haɗa gado da shi, gaɓoɓin za su saki bayan 'yan watanni.

Kayan aikin ba su da yawa. Na farko gizago, wanda ake kira gaddum, sai zarto, kurfi na fafe rami, guduma, abin huda, magagari, dutsen wasa, da abin sulɓe katako da ake kira fara. Masu kaifi ana adana su a akwati mai makulli saboda yara da ƙurar habub, guguwar da ke lulluɓe birnin kafin saukar ruwa. Saboda ƙurar, fenti da man sheƙi sai a cikin ɗaki ko lokacin da iska ta kwanta. Benci kan tsaya a gefen da haske ya fi shiga, da fili a gabansa wanda zai ɗauki tsawon gado. Tarkacen itace ba ya zuba a banza, yana tafiya murhu.

Aikin yana tafiya ne a ƙarƙashin maigida, wanda ake kira usta ko mu'allim. Yaron da aka kawo koyo yakan fara da shara da riƙe katako da miƙe tsofaffin ƙusoshi, sannan a ba shi zarto, daga baya kurfi. Fafe rami da sassaƙa harshen da zai shige shi daidai shi ne jarrabawarsa, domin angarib na gaske ba ƙusa ke riƙe shi ba, gaɓa ce da ɗaurin saƙa. Jari kuwa yawanci daga kafin alƙalamin mai saye yake fitowa: da shi ake sayen katako, a biya saura ranar ɗaukar kaya.

Angarib a rayuwar jama'a

Abin da ya riƙe ƙaramin kafinta shi ne cewa angarib na bin mutum tun daga haihuwa har kabari. A kansa mai jego ke kwanciya, a kansa ake zaunar da ango da amarya a bikin jirtig bayan an shimfiɗa jan ƙyalle, a kansa kuma ake ɗaukar gawa zuwa maƙabarta. Lokacin zafi ana fitar da shi tsakar gida a kwana a fili, iska na ratsa saƙar. Akwai wanda ake sassaƙa ƙafafunsa da gizago kawai, akwai wanda ake kai su wurin mai injin juyi ya fitar musu da ado. Saƙar a da ta tsirkiyar fatar shanu ce ko igiyar kabar goruba. Tare da gadon ana yin bambar, 'yar gajeriyar kujerar da mata ke zama a kai wajen tuya kisra da dafa gahawa, da sahhara, akwatin adana kaya, da turmi da maburgi da mazaunin randa.

Sauye-sauye bayan 'yancin kai

Bayan samun 'yanci a 1956 an ci gaba da horar da kafintoci a makarantun sana'a da Cibiyar Fasaha ta Kartum, wadda aka kafa a 1950, ta zama Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan a 1990. Injunan lantarki suka taru a unguwannin masana'antu, kasuwar Sajjana a Kartum ta zama cibiyar katako da kayan gini. Hakan bai kashe rumfar gida ba, sai dai ya raba aikin gida biyu: kafinta ya sayi katako, ya biya mai inji ya tsaga ya sulɓe masa, ya ɗauko a amalanken jaki ya haɗa a gida.

Daga shekarun 1970, kuɗin 'yan ci-rani a Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha ya sauya abin da amarya ke so: gado mai katifa, babban kabad da madubi. Gadon ƙarfe mai igiyar roba ya ƙwace kasuwar angarib na yau da kullum saboda araha, ƙofar ƙarfe ta maye ta itace, kayan ɗaki na Masar da Sin da Turkiyya suka cika shaguna. Ɓallewar Sudan ta Kudu a ranar 9 ga Yuli 2011 ta tafi da babban kaso na dazuzzukan ƙasar, har da wuraren da maɗaci ya fi yawa, katako ya ƙara tsada.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya yi wa sana'ar mummunar illa. An wawashe kasuwar Omdurman, wasu sassanta sun ƙone, tsofaffin unguwanni irin su Abu Rof sun zama fagen daga, masu sana'a suka watsu zuwa wasu jihohi da ƙasashen maƙwabta. Bayan sojoji sun karɓe Kartum a Maris 2025, masu komawa sun tarar da gidaje da yawa babu ƙofa, babu taga, babu gado. Gyaran waɗannan shi ne aikin da ke gaban kafintocin biranen biyu, kuma inda lantarki bai dawo ba, wanda ya iya gizago da zarto da kurfi shi ne ke iya fara aiki a rumfar gidansa ba tare da jiran inji ba.