Ciwon Ɓarin Kai da Illar Magungunansa: Waiwaye a Tarihi



Abin da za mu duba a wannan lacca shi ne tarihin maganin ciwon ɓarin kai, wato ciwon nan da ke kama gefe ɗaya na kai yana sara kamar ana buga guduma, ya zo da tashin zuciya, har mai shi ya ƙi jinin haske da ƙara. An ƙiyasta cewa wajen mutum biliyan 1 ke fama da shi a duniya, mata kuma sun ninka maza kusan sau 3. Batun da nake so in kafa shi ne, kusan duk maganin da aka samo wa wannan ciwo ya zo da tasa cutar, kuma likitoci kan daɗe kafin su lura, domin wanda kansa ke sarawa ba ya cika kai ƙarar abin da ya ba shi sauƙi.

Ciwon tsoho ne. Wata takardar magani ta Misira, wadda aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ta ambaci ciwon rabin kai, ta ce a soya ƙoƙon kan tarwaɗa a shafa. Jalinusu, babban likitan zamanin Rumawa, ya kira shi da kalmar Girkanci mai ma'anar rabin ƙoƙon kai. Larabawa suka ce shaƙiƙa, mu kuma muka ce ɓarin kai, duk ma'ana ɗaya. Ya zo a Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi ƙaho a kansa saboda shaƙiƙa alhali yana cikin harami. Zahrawi kuwa, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin ƙona gefen kai da ƙarfe mai zafi, ko a tsaga fatar wurin a cusa tafarnuwa. A Ingila ta ƙarni na 17, wata mace masaniyar falsafa, Anne Conway, an yi mata magani da zaiba har ta kusa rasa ranta, ciwon kuma bai bar ta ba sai da ta rasu a 1679. Illar waɗannan hanyoyi a fili take, ido na ganin tabo. Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce ta zamanin ƙwaya.

A Turai akwai wani hatsi dangin alkama da ake kira rai, wanda wata irin funfuna baƙa kan kama zangarniyarsa, kamar yadda 'yar'uwarta kan kama gero a ƙasashenmu. Tun tsakiyar zamani, idan jama'a suka ci gurasar da ta gauraya da ita, sai su ji gaɓoɓinsu na ƙuna, yatsu su yi baƙi su ruɓe su faɗi. Dalili shi ne dafin yana matse jijiyoyin jini har jini ya daina isa ga yatsu. To, a ƙarni na 19 likitoci da yawa sun ɗauka cewa buɗewar jijiyoyin jinin kai ce ke kawo ɓarin kai, saboda haka abin da ke matse su ya kamata ya zama magani. A 1868 Edward Woakes ya ba da rahoton yin amfani da wannan funfuna a Ingila. A 1918 Arthur Stoll, a kamfanin Sandoz na birnin Basel a Suwizalan, ya tace sinadarin agotamin daga cikinta, aka kuma fara gwada shi ga masu ɓarin kai a 1925. Ya yi aiki, babu shakka, ya kuma riƙe matsayin babban magani fiye da shekara 60. Sai dai dafi bai manta asalinsa ba. Wanda ya yawaita sha yakan ji ƙafafunsa sun yi sanyi suna ciwo, wasu har aka yanke musu yatsu, ga shi kuma an haramta shi ga mai juna biyu, domin yana matse mahaifa.

Haka aka yi da metisajid, wanda aka samo daga dangin funfunar nan. Federigo Sicuteri na Italiya ya nuna a 1959 cewa yana hana ciwon tasowa. Sai a 1966 John Graham da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana cewa wasu masu shansa wani nama mai tauri na tsiro musu a can bayan ciki, ya shaƙe bututun da ke ɗauko fitsari daga ƙoda. Dabarar da aka fito da ita ita ce a ba jiki hutu: a sha wata 6, a dakata kamar mako 3 zuwa 4. Manyanmu da ke cikin wannan zaure za su tuna ƙwayar A.P.C. da ake sayarwa a kantuna. Harafin tsakiya yana nufin fenasetin, wanda likitoci biyu na Suwizalan, Spühler da Zollinger, suka fara danganta irinsa da lalacewar ƙoda a 1953. A masana'antun agogo na ƙasar, ma'aikata kan sha shi kullum don ciwon kai. Amurka ba ta hana shi ba sai 1983, wato bayan shekara 30.

A ganina, illar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wadda Peters da Horton na asibitin Mayo suka rubuta a 1951. Sun lura cewa masu shan agotamin kusan kullum ciwon kansu ya zama na kullum, idan kuma aka raba su da shi sai ciwon ya ragu. Ashe maganin ne ke haifar da ciwon da ake shansa dominsa. A 1982 Lee Kudrow ya nuna cewa magungunan kashe zafi na yau da kullum ma haka suke yi wa mai yawan ciwon kai. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a garuruwanmu mutum kan shiga kemis ya sayi farasitamol ko ƙwayar da aka haɗa da kafeyin ba tare da takardar likita ba, ya sha da safe ya sha da dare, yana ganin ciwon ne ke ƙaruwa don kansa.

Magungunan rigakafi kuwa yawancinsu aro aka yi. Furofanolol na ciwon zuciya ne, aka lura a 1966 cewa yana rage ɓarin kai, amma yana kawo kasala, kuma yana da haɗari ga mai asma. Amitiriftilin, na ciwon damuwa, yana sa barci da bushewar baki, shi ya sa ake shansa da dare, a fara da kaɗan. Daga magungunan farfaɗiya aka aro balfurowet, wanda ke nakasa ɗan tayi, da tofiramet, wanda kan sa yatsu su yi ta tsikara, kalma ta ɓace wa mutum a tsakiyar zance.

A 1991 sumatiriftan ya fito daga binciken Patrick Humphrey a kamfanin Glaxo. Ya fi agotamin tsabta ƙwarai, amma har yanzu yana matse jijiya, don haka ba a ba mai ciwon zuciya. Daga baya bincike ya karkata ga cewa tushen ciwon a ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ji yake. Goadsby da Edvinsson suka nuna a 1990 cewa wani sinadari da ake kira CGRP na ƙaruwa a jini lokacin da ciwon ya taso, aka kuma amince da allurar farko mai toshe hanyarsa a Amurka a 2018. Illarta da aka fi sani ita ce taurin bayan gida da hawan jini ga wasu. Kuɗinta a lokacin ya kai dala 6,900 a shekara, abin da ya fi ƙarfin yawancin mutanenmu.

Saboda haka abin da ya fi kusa da hannun majinyacinmu shi ne abin da aka gano a 1951. Ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta mai da shi ƙa'ida: wanda ke shan farasitamol ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, ko kuma agotamin, ko dangin sumatiriftan, ko kodin da taramol, ko gaurayayyar ƙwaya kwana 10 ko fiye, har sama da wata 3, kansa kuma na ciwo rabin kwanakin wata, ana zargin maganin. Likita zai sa shi ya rubuta ranakun ciwo da ranakun sha a takarda, sa'an nan ya janye masa ƙwayar, a hankali idan dangin kodin ce. Ciwon kan tsananta na 'yan kwanaki, wani lokaci har mako 2, kafin ya lafa, kuma a wannan tsakanin ne mafi yawan masu komawa kemis suke komawa.